Hangen Dala da Shiga Birni: Hoto ko Bakan Haske wajen Binciken Jariran Taurari?

A dararen hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, akwai wani abu da ke leƙowa can kudu, ƙasa-ƙasa, dab da inda sama ta haɗu da ƙasa. Daga Kano bai fi ya ɗaga da digiri takwas ba, ga hazo, ga fitilun gari, shi ya sa da wuya ka haɗu da wanda ya taɓa ganinsa. Mutanen Afirka ta Kudu da Ostareliya da Cile kuwa suna ganinsa sarai, kamar guntun girgijen da iska ta manta da shi. Sunansa Babban Girgijen Majelan, yana kuma da ƙane, Ƙaramin Girgijen Majelan. An laƙaba musu sunan matuƙin jirgin ruwan nan ɗan Fotugal wanda ayarinsa ya fara kewaya duniya tsakanin 1519 da 1522. Kowanensu galaksi ne, wato makeken garken taurari, kuma maƙwabta ne ga galaksin da ranarmu ke ciki. Haske, duk da gudunsa, sai ya yi tafiyar shekara wajen 160,000 kafin ya iso mana daga babban, daga ƙaramin kuwa wajen 200,000.

A cikin waɗannan maƙwabta ana haihuwar taurari har yanzu. Masu binciken sararin samaniya suna da hanya biyu ta leƙa ɗakin haihuwar. Ta farko su ɗauki hoto, su auna ƙarfin hasken kowane ɗigo. Ta biyu su kama hasken ɗigo guda su tsefe shi sili-sili, kamar yadda bakan gizo ke baje launukan hasken rana; abin da ya fito shi za mu kira bakan haske. Wace hanya ta fi? Kafin a yanke hukunci sai an san abin da ake nema, da dalilin da ya sa ake tafiya nemansa har gidan maƙwabta.

Jariri cikin zanen goyo

Tauraro yana samuwa ne idan wani yanki na girgijen gas da ƙura, mai sanyin da ya kai digiri 260 ƙasa da sifili, ya rufta wa kansa saboda nauyinsa. Tsakiyar ta dunƙule ta yi zafi, abin da ya rage ya zama faifai yana juyawa a kewayenta yana zuba mata abinci, can waje kuma ga lulluɓin ƙura mai kauri. A wannan hali ido ba ya ganin komai, na'urar da ke aiki da hasken ido ma haka. Jaririn yana cikin zanen goyo.

Ƙurar sararin samaniya ta fi ta hunturu laushi nesa ba kusa ba, ta fi kama da hayaƙi. Wanda ya taɓa kallon rana ta cikin hayaƙin ƙonar daji ya ga yadda take komawa ja, domin hayaƙi ya fi tare shuɗin haske, ja kuma ya fi kutsawa. To, gaba da ja akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ya fi ja iya ratsa ƙura. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800: ya baje hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da launin ja, inda ga ido babu komai, sai ya ga ma'aunin ya hau. Wannan shi ne infirared. Ana auna tsawon zangon haske da mikiron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Idonmu yana gani daga 0.4 zuwa 0.7, binciken jariran taurari ya fi gudana daga mikiron ɗaya zuwa talatin da 'yan kai. Riba biyu ke nan: hasken yana ratsa lulluɓin, kuma ita kanta ƙurar, idan jaririn ya ɗumama ta, da infirared take haskawa.

Me ya kai mu gidan maƙwabta, alhali a galaksinmu ma ana haihuwa? Na farko, mu a cikin namu muke zaune, ƙura ta tare mana wurare da yawa, kuma sanin nisan kowane jariri aiki ne babba. In ba ka san nisa ba, ba ka sani ba ko fitila ce babba a nesa ko aci-balbal a kusa. A Babban Girgije kuwa kusan kowa nisansa ɗaya daga gare mu. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, kayan ginin can ba irin namu ba ne. Sinadarai masu nauyi, irin su kabon da oksijin da ƙarfe, waɗanda da su ake ƙura da duniyoyi, a Babban Girgije kusan rabin na ranarmu ne, a Ƙarami kuwa wajen kashi ɗaya cikin biyar. Haka sararin samaniya yake shekara biliyan goma da suka wuce, lokacin da haihuwar taurari ta kai ƙololuwa. Wanda ya fahimci haihuwa a Girgijen Majelan ya leƙa zamanin da aka haifi taurari masu ɗimbin yawa.

Hoto, mai ƙidaya

Ƙarfin hoto yana cikin faɗinsa. A 2003 hukumar NASA ta Amurka ta harba na'urar hangen nesa ta Spitzer, mai madubin santimita 85. A 2005 wani ayarin masana ƙarƙashin Margaret Meixner ya yi amfani da ita ya ɗauki Babban Girgije kusan gaba ɗayansa, fili mai faɗin digiri bakwai a tsaye, bakwai a kwance, ta matatun haske bakwai, daga mikiron 3.6 zuwa 160. Aikin, wanda aka sa wa suna SAGE, ya fito da miliyoyin ɗigogin haske.

Yadda ake zaƙulo jarirai daga wannan taro ba shi da wuyar fahimta. Tauraro baligi ya fi haske a gajeren zango, yana dusashewa a dogo. Lulluɓaɓɓe kuwa akasin haka yake, domin ƙurarsa mai ɗumi ce ke haskawa. Sai a kwatanta ƙarfin ɗigo a matata ɗaya da ƙarfinsa a wata, a ware waɗanda suka rinjaya zuwa dogon zango. Da wannan dabara ayarin Barbara Whitney ya fitar da jerin fiye da dubu a 2008, Robert Gruendl da You-Hua Chu suka fitar da nasu a 2009. Kafin Spitzer, jariran taurarin da aka sani a wannan galaksi 'yan ƙalilan ne. Dare ɗaya aka tashi da taswira: ga inda ake haihuwa, ga yawan da ake haifa, ga yadda haihuwar ke bin bakin manyan kumfofin gas da tsofaffin taurari suka hura. Babu wata hanya da za ta ba da wannan in ba hoto ba.

Amma masanan da kansu ba su kira waɗannan ɗigogi jarirai kai tsaye ba, cewa suka yi waɗanda ake zato. Dalili kuwa, kama da wane ba ta wane. Tauraron da ya tsufa yakan kumbura ya riƙa fesar da gas da ƙura har ya lulluɓe kansa. Daga nesa, jariri cikin zani da tsoho cikin bargo duk lulluɓaɓɓu ne. Wani galaksi mai ƙura da ke can bayan Girgijen, a nisan miliyoyin shekarun haske, shi ma ɗigo ja yake zama. Har dunƙulen ƙura da babu tauraro a cikinsa yakan ruɗi mai kallo. Jerin Whitney da na Gruendl da Chu ba su zo ɗaya ba, domin kowane ayari da inda ya ja layinsa: wanda ya tsaurara ya zubar da jarirai na gaske, wanda ya sassauta ya kwaso baƙi.

Akwai kuma matsalar kaifin gani. A mikiron 24, abu mafi ƙanƙanta da Spitzer ke iya bambancewa a Babban Girgije faɗinsa ya kusa tafiyar haske ta shekara biyar. Tsakanin ranarmu da tauraron da ya fi kusa da ita shekara huɗu ce da ɗoriya. Ke nan ɗigo ɗaya zai iya zama tagwaye, ko ma gida guda cike da yara, kuma hotunan da suka fi kaifi sun nuna hakan a wurare da dama.

Bakan haske, mai tsefewa

Mai sayen hatsi a Dawanau yana iya tsayawa ya ƙirga buhuna ɗari cikin ɗan lokaci, amma ba ya biyan kuɗi sai ya soka buhu ya zuba ƙwayar a tafin hannunsa. Aikin bakan haske ke nan. Maimakon awo bakwai, sai a sami ɗaruruwa ko dubbai a jere, a ga daidai inda haske ya ragu da inda ya yi tsiri. Tun wajen 1860 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka nuna a Jamus cewa kowane sinadari yana da zangunan da yake sha ko yake fitarwa, nasa shi kaɗai. Kamar yadda a da ake gane asalin mutum daga tsagen fuskarsa, haka ake gane sinadari daga tsagen da ya bari a jikin haske.

Infirared cike yake da irin waɗannan tsage. Ƙurar silikat, dangin ma'adinin da ke cikin yashi, tana shan haske kusa da mikiron 10. Ƙanƙarar ruwa da ta daskare a jikin ƙwayoyin ƙura tana sha a mikiron 3. Ƙanƙarar kabon dayoksaid tana sha a 4.3 da 15.2. Wasu ƙwayoyin kabon masu kama da kunkunniya suna haskawa a 6.2 da 7.7 da 11.3 idan haske mai ƙarfi ya buge su. Wanda ya iya karatun waɗannan alamomi ba ya rikita jariri da tsoho: ƙanƙara mai yawa sai a lulluɓi mai tsananin sanyi irin na ɗakin haihuwa, galaksi mai nisa kuma duk tsagensa sun gusa zuwa dogon zango.

A 2009 Jonathan Seale da abokan aikinsa suka fitar da bakan hasken ɗigo 294 da aka zaɓo daga hotunan Spitzer. Guda 277 suka nuna alamun jarirai, sauran kuwa har da tsofaffin taurari. Wannan sakamako yabo ne ga hoto, domin zatonsa ya yi daidai a mafi yawan lokuta, ko da yake waɗanda aka gwada masu haske ne da aka tace da kyau. Amma bakan haske bai tsaya ga i ko a'a ba, ya jera su bisa girma. Mafi ƙuruciya ƙura da ƙanƙara ne suka sha haskensu. Waɗanda suka ɗan tasa sun fara ƙona lulluɓinsu, ƙwayoyin kabon suna haskawa. Na gaba da su kuma haskensu ya yi ƙarfin da yake fizge lantarki daga gas ɗin da ke kewaye, har tsagen niyon da na farar wuta suka bayyana. Hoto ya ce ga yara nan; bakan haske ya nuna na goye, da mai rarrafe, da wanda aka yaye.

Sai maganar ƙanƙara, inda hoto ba shi da ta cewa ko kaɗan. A 2005 ayarin Jacco van Loon ya ga tsagen ƙanƙara a jikin wani jaririn tauraro na Babban Girgije. Daga baya Takashi Shimonishi da abokansa, da na'urar AKARI da Japan ta harba a 2006, suka gano cewa a can ƙanƙarar kabon dayoksaid, in an gwada ta da ta ruwa, ta kusa ninka abin da aka saba gani a galaksinmu. An kuma lura ƙanƙarar metanol ta yi ƙaranci. Bayanin da suka kawo shi ne: inda ƙura ba ta da yawa, hasken manyan taurari yana kutsawa cikin girgije ya ɗan ɗumama ƙwayoyin, ɗan ɗumin nan kuma yana sauya irin haɗuwar da sinadarai ke yi a jikinsu. Wannan ba ƙaramin batu ba ne, domin daga irin wannan ƙanƙara duniyoyi ke gadon ruwa da sinadaran kabon.

A 2025 ayarin Marta Sewiło, da na'urar hangen nesa ta James Webb, ya tsefe hasken wani jariri mai suna ST6 a Babban Girgije, ya sami sinadaran kabon biyar masu sarƙaƙiya a daskare, cikinsu har da metanol, da etanol na cikin barasa, da sinadarin da ke ba binega tsami. Ko hoto ya kai kyan me, ba zai faɗa maka wannan ba.

Inda suka yi gaba da gaba

Labarin da ya fi nuna matsayin kowanensu ya faru ne a NGC 346, wani babban ɗakin haihuwa a Ƙaramin Girgije. A tsakiyar shekarun 2000 hotunan na'urar hangen nesa ta Hubble suka nuna taurari masu kama da ranarmu, 'yan shekara miliyan 20 zuwa 30, da alamar har yanzu suna shan gas daga faifan da ke kewaye da su. Abin ya ɗaure kai. A galaksinmu irin wannan faifai yakan watse cikin 'yan miliyoyin shekaru kaɗan, kuma lissafi ya nuna inda sinadarai masu nauyi suka yi ƙaranci ya kamata ya fi saurin watsewa. Masu shakka suna da hujja: wurin cike yake da gas mai haske, ta yiwu hasken da aka gani na gas ɗin ne ba na taurarin ba. Hoto ya kawo ƙara, amma ba shi da shaidar da za ta kashe gardama.

Aka yi kusan shekara ashirin a haka. A ƙarshen 2024 Guido De Marchi na hukumar sararin samaniya ta Turai da abokan aikinsa suka fitar da bakan hasken waɗannan taurari daga James Webb. Tsagen suka nuna faifan yana nan, gas yana zuba, taurarin suna ci. Ma'anarsa, a wuraren da kayan gini suka yi ƙaranci, duniyoyi suna iya samun lokaci mai tsawo na haɗuwa fiye da yadda aka zata. Wannan ya taimaka wajen fahimtar wani abu da Hubble ya nuna tun 2003: wata katafariyar duniya mai shekara kusan biliyan 13, a cikin wani tsohon dunƙulen taurari na galaksinmu, wadda aka yi mamakin yadda ta samu a zamanin da sinadarai masu nauyi ba su yawaita ba.

A lura da abu biyu. Hubble ya yi gaskiya tun farko, kuma ba don hotonsa ba babu wanda zai san akwai abin tambaya. Amma gaskiyar tasa ba ta zauna ba sai da bakan haske ya sa hannu.

Kowane allazi da nasa amanu

In haka ne, me ya hana a tsefe hasken kowane ɗigo a huta? Tsada. Hasken da hoto ke tarawa wuri guda, bakan haske raba shi yake gida ɗari ko dubu, kowane gida ya sami ɗan kaɗan, dole a daɗe ana kallo kafin a tara abin kirki. Spitzer ɗaya bayan ɗaya yake binsu, kuma manya masu tsananin haske kawai yake iya kamawa. Ƙananan jarirai, irin waɗanda za su zama kamar ranarmu, su ne mafi yawa, amma sun fi ƙarfinsa. Wanda ya dogara da bakan haske shi kaɗai a wancan lokaci kamar mai nazarin gari ne da bai zanta da kowa ba sai attajirai.

Ba a kuma iya yin aikin duka daga ƙasa, domin iskar da ke kewaye da duniyarmu tana da tururin ruwa da kabon dayoksaid, tana shanye zangunan da ake nema, musamman 4.3 da 15. Sai an fita sama, sai kuma an sanyaya na'ura ƙwarai, don kada zafin jikinta ya rufe abin da take kallo. A watan Mayu na 2009 ruwan hiliyam da ke sanyaya Spitzer ya ƙare. Nan take sashen bakan haskensa ya daina aiki, amma matatun hoto biyu, na 3.6 da 4.5, suka ci gaba har Janairun 2020. Hoto ya fi juriya, ya fi arha, ya fi yalwa.

James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, mai madubin mita 6.5, ya rage wannan tazara. Yana iya tsefe hasken ƙananan taurari a Girgijen Majelan, yana kuma raba abin da a da ake gani ɗigo guda. Ɗaya daga cikin na'urorinsa tana da ƙananan tagogi kusan 250,000, ana buɗe waɗanda suka dace da taurarin da ake so a rufe sauran, a kama wajen ɗari a tashi guda. Amma ta yaya za a san tagar da za a buɗe? Sai an riga an sami hoton wurin, an san matsayin kowane tauraro daidai wa daida. Ga shi kuma masu neman lokaci a kan na'urar sun ninka lokacin da ake da shi sau da yawa; mai so a ba shi sa'o'i sai ya kawo hujjar cewa abin da zai kalla ya cancanta, hujjar nan kuwa galibi daga hoto take fitowa.

Hukunci

A sahu, hoto ne gaba: shi ke nemo wuri, shi ke ƙirga, shi ke tada tambaya. A nauyin shaida kuwa bakan haske ne gaba: shi ke raba jariri da tsoho, shi ke faɗin abin da aka yi lulluɓin da shi, shi ke kashe gardama. Wanda ke son sanin yawan taurarin da galaksi ke haifa da inda yake haifarsu, hoto ne abokinsa. Wanda ke son sanin ko duniyoyin da za su fito a can za su gaji ruwa, ba shi da mafita sai bakan haske. In dole sai an fifita ɗaya, ni bakan haske zan ba, domin kusan duk abin da muka tabbatar game da jikin waɗannan jarirai, daga ƙanƙararsu zuwa tsawon ran faifansu, ta hannunsa ya zo. Sai dai fifikon nasa irin na alƙali ne, wanda ba ya shari'a sai an kawo masa ƙara.

Saboda haka, mai karatu, in ka ga kyakkyawan hoton James Webb yana yawo a waya, ka ji daɗin kallonsa, amma ka tuna launukan da ke ciki masana ne suka sanya don ido ya ga abin da ba ya iya gani. In kuma an ce an gano wani abu a jikin tauraro, tambayi ta wace hanya: hoto aka ɗauka, ko haske aka tsefe? Na farko ya hango Dala ne, na biyu shi ya shiga birni.